Amsar Tambaya: Kajina na ramewa, hantarsu na kumbura

Tambaya: Kajina masu ƙwai sun kai wata biyar, suna ramewa, suna mutuwa ɗaya-ɗaya. Na feɗe guda, na tarar hantar ta kumbura da fararen ƙulluttai. Wane magani zan saya?

Amsa: Malam, Allah Ya mayar maka da alheri. Alamun nan sun yi kama da lukosis, ciwon dajin kaji da ƙwayar bairos ke haddasawa. Tun 1908 masu bincike Ellermann da Bang suka nuna haka a ƙasar Danmak, amma har yau ba a samo masa magani ko rigakafi ba. Saboda haka kada ka zuba kuɗinka a kantin magani.

Kaza na zuba cutar cikin ƙwai, ɗan tsako ya ƙyanƙyashe da ita, ya shafa wa 'yan uwansa. Ƙullutun ba ya bayyana sai bayan kamar wata huɗu, lokacin da ka gama kashe kuɗin abinci. Wannan ne ya fi ba ni tausayi.

Cutar Marek ma na kumbura hanta, amma takan shanye ƙafa, kuma tana da rigakafi. Kai gawar kaza wurin likitan dabbobi ya aika cibiyar bincike ta Vom a tantance. Ka fitar da marasa lafiyar, kada ka ƙyanƙyashe ƙwansu, sannan ka tambayi mai sayar maka da 'yan tsaki ko ana gwada iyayensu.