Darasi: Kafin ka kasa kaya a bakin titin Duwala

'Yan uwa, mai barin sansani zuwa Duwala yakan sauka a New Bell, unguwar Hausawa, kusa da Marché Central. Sana'ar da ta fi saurin zuwa hannu ita ce talla: goro, tsire, takalma. A can "sauveteurs" ake ce wa masu tallan bakin titi, domin kullum a shirye suke su kwashe kaya su gudu.

Dokar Kamaru ta 27 ga Yuli 2005 ta ba ɗan gudun hijira 'yancin yin aiki. Amma gefen titi yana hannun hukumar birni, kuma jami'anta kan kori masu tare hanya, su ƙwace kaya. Wanda duk jarinsa ke kan faranti ɗaya, rana ɗaya ta isa ta raba shi da abincin iyalinsa.

Saboda haka, nemi wuri ta hannun shugabannin kasuwa. Kada ka biya kuɗin wuri sai an ba ka rasit. Katinka na gudun hijira ya kasance a jikinka. In an ƙwace kayanka, kada ka yi kokawa. Riƙe ranar da wurin, ka kai kuka ofishin HCR.