Citta a Alƙur'ani da a Madafanmu

 

'Yan'uwa Musulmi, duk wanda ya kwana a Kaya ta ƙasar Maradun cikin hunturu ya san yadda sanyin asuba yake ratsa ƙashi, balle manoman rani da ke sammakon zuwa fadamun Bakolori. Saboda haka ne gidaje da yawa ba su rabuwa da shayin citta, watau citta mai yatsu, wadda Larabawa ke kira zanjabil.

Allah Maɗaukakin Sarki Ya ambaci zanjabil sau ɗaya a Alƙur'ani, a aya ta 17 ta Suratul Insan, inda Ya bayyana cewa da shi za a gauraya abin shan mutanen Aljanna. Amma an ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, cewa abin da ke Aljanna bai haɗu da na duniya ba sai a suna. Ashe ke nan mai talla a kasuwar Talata Mafara da ke jan wannan aya don ya ce citta tana warkar da kowace cuta ya ɗora wa ayar abin da ba ta faɗa ba. Haka kuma labarin tulun cittar da aka ce Sarkin Rum ya aiko wa Manzon Allah, malaman hadisi sun raunana shi, kodayake Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, ya kawo shi a Zadul Ma'ad.

Amfaninta na gaskiya ba kaɗan ba ne. Ibnul Ƙayyim ya lissafa ta cikin masu ɗumama jiki da taimakon narkewar abinci da korar iskar ciki. Likitocin zamani kuwa sun tabbatar tana rage tashin zuciya, musamman ga mata masu laulayin ciki. Mai mura ma yana jin sauƙin maƙogwaro idan ya kurɓa da ɗumi.

Ga yadda ake haɗa shi. A sami ɗanyar citta kamar gaɓar babban yatsa, a wanke, a kankare, a daddaka a turmi. A zuba cikin ruwa kofi 2, a bari ya tafasa minti 10, sa'an nan a tace. Idan busasshiya ce, rabin ƙaramin cokali na garinta ya wadatar. Wasu kan jefa kanumfari biyu ko uku, su matsa lemun tsami. Zuma ta fi sukari, sai dai kada a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba. Tun da annobar ruɓewa ta afka wa gonakin citta na Kaciya da Jaba a kudancin Kaduna a 2023 kowa ya ga tsadarta, to a san cewa abin da aka tace yana sake dahuwa karo na biyu.

Inda nake son iyaye su tsaya da kyau shi ne zazzaɓi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce mu da neman magani, kuma kowace cuta da nata. Citta ba ta kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Yaron da jikinsa ya yi zafi, aka zaunar da shi a ɗaki kwana uku ana ɗura masa ruwan citta, ana iya wayar gari jininsa ya ƙare ko ya fara suma. Wannan amana ce, a kai shi asibiti a gwada jininsa tun ranar farko.

Mai gyambon ciki ya rage ta, musamman da sahur, don tana iya tayar da ƙwannafi. Mai shan maganin tsinka jini kuma ya tambayi likitansa kafin ya mayar da ita abin shan kullum. Mai juna biyu kada ta wuce kofi ɗaya ko biyu marasa kauri a yini.