Darasin Ƙungiya: Sa'ad da Jiki Ya Rame, Zuciya Kuma Ta Tsorata

Kafin a fara, a sa mutum ɗaya ya karanta 1 Sarakuna 19:1-8, wani kuma ya karanta Ayyukan Manzanni 11:27-30.

Watannin da muke tsoro

Mu manoman ƙasar Daura, daga Baure da Zango har Sandamu da Mai'aduwa, mun san halin watan Yuli da na Agusta. Hatsin bara ya ƙare a rumbu, geron bana bai nuna ba, kuɗin tiya ya hau a kasuwa, ga shi kuma aikin gona yana neman ƙarfi. Zazzaɓin cizon sauro da gudawa sukan zo daidai wannan lokaci. Shi ya sa manya sukan zube, yara kuwa su rame har a ƙirga haƙarƙarinsu.

Tsoron da muke ji yana da dalili. Kakanni sun bar mana labarin yunwar 1914, wadda ake kira Kakalaba. Dattawanmu sun ga farin 1973 da na 1984 da idonsu. A 2005 kuma maƙwabtanmu na Maradi da Damagaram suka sha wuyar abinci ƙwarai. Wanda ya san waɗannan, in ya ga ɗansa yana ramewa, dole gabansa ya faɗi.

Abin da tsoro yake sa mu yi

Tsoro yakan sa mutum ya ɓuya. Uwa takan lulluɓe yaronta da zane don kada a ce ba ta iya reno ba. Magidanci yakan daina zuwa sujada domin rigarsa ta yi masa yawa. Mu kuma da muke gefe mukan ƙara musu nauyi da raɗe-raɗi: wannan ya ce maita ce, wancan ya ce sammu, wani ya ce ƙanjamau. Kafin a farga, mako uku sun wuce ba a je asibiti ba. Har wa yau tsoro ne yake sa a sayar da akuya da araha, a cinye iri, ko a ci bashin hatsi da za a biya ninki da kaka.

Yadda Allah ya yi da Iliya

Iliya annabi ne babba, duk da haka ya ji tsoron Yezebel, ya gudu jeji, ya kwanta a gindin itace yana roƙon mutuwa. Mu lura da abin da Ubangiji ya fara yi. Bai tsawata masa ba. Ya aiko mala'ika ya taɓa shi, ya ba shi abinci da ruwa, ya bar shi ya yi barci, ya sāke ba shi abinci. Sai daga baya, a Dutsen Horeb, ya yi masa magana a kan aikinsa.

Tsarin da za mu bi ke nan. Mu je wurin wanda ya rame, mu zauna kusa da shi, mu kai abin da zai ci, mu saurare shi. Gargaɗi ya biyo baya. Kada mu ce wa mai tsoro bangaskiyarsa ce ta kāsa, gama annabi ma ya tsorata.

Mukan ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Gaskiya ne. Amma sau da yawa ta hannun 'yan'uwa yake aiko da abincin. Da masu bi na Antakiya suka ji yunwa tana tafe, kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa, suka aika Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu. Dogararsu ga Allah ce ta sa suka yi shiri.

Yadda za mu gane rama mai hatsari

Ga yaro daga wata 6 zuwa shekara 5, akwai ma'aunin dantse mai launi uku. In ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Rawaya, daga 11.5 zuwa 12.5, gargaɗi ne. A kuma danna bayan ƙafafunsa biyu da yatsa har a ƙirga uku a hankali. In rami ya zauna a duka biyu, a kai shi asibiti a ranar.

Tun 2009 aka fara jinyar irin waɗannan yara a gida a arewacin Nijeriya, da abincin tamowa da ake yi da gyaɗa, garin madara, mai, sukari da sinadaran gina jiki. Ana karɓa a asibitocin da aka keɓe domin haka. Magani ne na yaron nan shi kaɗai: kada a raba, kada a sayar. Uwa ta ci gaba da ba da nono.

Babba kuwa, in yana ramewa tare da tari fiye da mako biyu da gumin dare, ya je a gwada shi ko tarin fuka ne. Maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati, yakan ɗauki wata shida, yana kuma warkarwa in an sha har ƙarshe. In ƙishirwa ce da yawan fitsari, a auna sukari.

Aikin ƙungiyarmu

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga abin da kowace ƙungiya za ta iya yi:

1. A zaɓi mata biyu daga zumuntar mata su koyi awon dantse wurin ma'aikacin lafiya, su zaga gidaje kowane mako biyu, daga Yuni zuwa Satumba.

2. Kada a bar uwa ta tafi asibiti ita kaɗai. Wata ta raka ta, wata ta riƙe mata sauran yara. A gaya mata tamowa ciwo ne da yake warkewa, ba abin kunya ba ne.

3. In magidanci ya kwanta, a yi masa gayya a nome gonarsa. Tunanin ciyawa tana cinye gero yakan hana mara lafiya barci.

4. A kafa rumbun tsimi. Yusufu ya tara kashi ɗaya cikin biyar a shekarun ƙoshi a Masar. Mu, ko dami ɗaya cikin ashirin kowa ya kawo da kaka, zai tsai da gidaje da yawa a watan Agusta. A haɗa da wake, gyaɗa, kuka da busasshen zogale, gama kunun gero zalla ba ya gina yaro.

5. A kame baki. Wanda ya karɓi hatsi daga rumbun, kada a kira sunansa a gaban taro. Maƙwabtanmu Musulmi kuma, in bukata ta same su, a auna musu da mudu ɗaya da namu.

Tambayoyi domin tattaunawa

Wane ne muka daina gani a sujada cikin watan nan, wa kuma zai je gidansa kafin Lahadi? Dami nawa za mu iya tarawa bana, wa zai riƙe mabuɗi? Wace magana muke yi da take sa masu ciwo su ɓuya?

A rufe da addu'a domin gidajen da rumbunsu ya ƙare, da iyayen da suke jinyar yara, a kuma roƙi Ubangiji ya ba mu damina mai albarka.