Yadda Ake Saita Kafireto Bayan An Canja wa Babur Salansa da Filtar Iska

Injin babur haɗin fetur da iska yake ƙonawa, kuma iskar ce ta fi yawa nesa ba kusa ba. A ma'aunin nauyi, kashi 14.7 na iska ne ke ƙone kashi 1 na fetur ƙurmus. Idan kuwa cikakken ƙarfi ake nema, injin ya fi son mai ya ɗan rinjaya, wajen 12.5 zuwa 13 na iska a kan 1 na fetur. Kamfanin da ya ƙera babur ya zaɓi jet ɗin da ke cikin kafireto ne daidai da salansa da akwatin filtar da ya sa masa. Ranar da ka cire salansar kamfani ka ɗaura mai buɗaɗɗen baki, ko ka yar da akwatin filta ka maƙala 'yar ƙaramar filta a bakin kafireto, ko aka faɗaɗa silinda aka sa babban fistin, wancan lissafi ya rushe. Galibi iska ce ke ƙaruwa, mai yana nan yadda yake. Sai injin ya riƙa ɗaukar zafi fiye da kima, zafin da ke cinye bawul, wani lokaci har ya huda kan fistin.

A kan ƙaramin babur irin Bajaj Boxer, Jincheng ko Honda CG125, salansa ita kaɗai ƙara take ƙarawa fiye da gudu. Canjin filta ne ke taɓa lissafin mai sosai. Duk da haka, wanda ya riga ya kashe kuɗinsa ya canja, wajibinsa ne ya bi da saiti.

Ka fara da tabbatar da abin da babur ɗinka ke amfani da shi. Manyan babura na zamani, da da yawa daga cikin waɗanda aka ƙera don kasuwar Indiya tun da dokar hayaƙi ta BS6 ta fara aiki a Afrilun 2020, ba su da kafireto irin wanda aka sani. Kwamfutar injin ce ke auna man da za a fesa. Irin wannan ba aikin sukurudireba ba ne. Ko dai a sake rubuta taswirar mai da ke cikin kwamfutar, ko a haɗa mata wata na'ura irin Power Commander, kuma ana yin hakan ne a kan injin gwajin ƙarfi tare da na'urar da ke auna hayaƙi. Abin da ke biye na masu kafireto ne.

Kafin ka taɓa jet

Rabin matsalolin da ake ɗora wa kafireto ba nata ba ne. A saita bawul injin na sanyi, bisa awon da littafin babur ya faɗa. A sa filogi mai kyau da lambar da ta dace. A wanke kafireto tas, musamman idan kana yawan shan man 'yan bumburutu, domin ƙura da ruwan da ke cikin jarka ƙaramin jet suke fara toshewa. Da iska ake hure ramin jet, ba a zura masa waya ko allurar ɗinki. Tagulla ce mai laushi, kana ƙwaƙula ramin ya faɗaɗa.

Sai ka nemi inda iska ke satar shiga. Tayar da injin, ka bar shi a sulo, ka fesa ɗan maganin wanke kafireto a kan wuyan da ya haɗa ta da injin. In sautin injin ya canja, akwai tsaga ko gasket ya mutu. Ka yi wannan injin bai yi zafi sosai ba, nesa da wuta. Duba kuma gasket ɗin da ke bakin salansa, don shi ma yana sa babur harbi idan an saki totur, a yi ta zargin mai bai ji ba bai gani ba.

Duba tsayin fulot. Idan man da ke cikin kwanon kafireto ya haura ko ya gaza inda ya kamata, duk jet ɗin da ka sa ƙarya zai yi maka.

Daga nan ɗauki takarda da biro. Rubuta lambar babban jet, lambar ƙaramin jet, da layin da kilif ɗin allura yake kai. Juya sukurun haɗi ciki a hankali kana ƙirga zagaye har ya zauna, kada ka matse shi da ƙarfi, ka rubuta adadin, ka mayar da shi inda yake. Wannan takarda ce hanyarka ta komawa gida idan saiti ya rikice.

Wane sashe ke aiki a wane lokaci

Da buɗin totur ake gane sashen da ke da laifi, ba da gudun babur ba. Daga sulo zuwa kusan rubu'in totur, ƙaramin jet da sukurun haɗi ne ke ba da mai. Daga rubu'i zuwa kashi uku cikin huɗu, allura ce. Daga nan zuwa ƙarshe, babban jet. Liƙa farin tef a jikin hannun totur, ka ja layi a rufe, rubu'i, rabi, uku cikin huɗu, da buɗe duka. Kana tafiya, kallo ɗaya zai gaya maka a wane layi injin ya yi gardama.

Alamun ƙarancin mai su ne injin ya shaƙe kamar zai mutu idan ka fizgi totur, ya daɗe sama kafin ya sauko sulo, ya yi zafi da wuri, ko ka ji ƙarar ƙyas-ƙyas a kan hawa. Alamun yawan mai kuwa, baƙin hayaƙi, warin ɗanyen fetur, injin na tari yana kakkatsewa, kuma abin ya fi muni idan ya yi zafi. In ka rasa gane wanne ne, ɗan ja cok kana tafiya. Cok mai yake ƙarawa. In babur ya gyaru, mai ne ya yi masa kaɗan. In ya ƙara lalacewa, ya yi masa yawa.

Babban jet

Nan ne aikin yake, kuma nan ne kuskure ya fi tsada, domin a cikakken totur injin ke ɗaukar zafi mafi yawa. Lambar jet ɗin kamfanin Keihin faɗin raminsa ce: 100 na nufin milimita 1, 105 kuma milimita 1.05. Suna tafiya ne 98, 100, 102, 105, 108, 110. Tazarar kamar ba komai, amma daga 100 zuwa 110 filin ramin ya ƙaru da kashi 21 cikin ɗari. Shi ya sa huda jet da hannu, kamar yadda wasu ke yi a gareji, caca ce. Ba hannun da zai iya bambance 102 da 105. Ka sayi jet uku ko huɗu masu bin juna, daga kamfani ɗaya, saboda lambar Mikuni ba lallai ta yi daidai da ta Keihin ba.

Fara daga sama ka sauko. In salansa da filta duka ka canja, sa jet ɗin da ya fi na asali da mataki biyu ko uku. Yawan mai filogi kawai zai baƙanta, ƙarancinsa kuwa injin zai ci.

Bari injin ya yi zafi da tafiyar minti goma zuwa sha biyar. Nemi miƙaƙƙiyar hanya marar jama'a da dabbobi, ka sa hular kwano. A babbar giya, buɗe totur duka har injin ya miƙe, sannan ka ɗan sassauta kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin takwas. In ka ji babur ya ƙara ja a daidai lokacin da ka sassauta, jet ɗin ya yi ƙanƙanta. In a cikakken totur yana tari, ya ƙi kai ƙarshen juyinsa, jet ɗin ya yi girma, sauko mataki ɗaya. Ci gaba da saukowa har tarin ya ɓace, ka tsaya a nan. Kada kwaɗayin ɗan ƙarin kaifi ya sa ka ƙara sauka.

Filogi ne zai ba da shaida. Bayan injin ya yi zafi, sa sabon filogi, ka yi tafiya a cikakken totur na ɗan lokaci, sannan ka kama kuloci ka kashe injin lokaci guda, ka gangara ka tsaya. Kada ka bar shi ya yi sulo, don sulo zai goge shaidar. Jira kan injin ya huce kafin ka kwance, saboda zaren da ke cikin alminiyon yana saurin lalacewa da zafi. Leƙa can gindin farin tangaran ɗin. Launin ƙasa-ƙasa, kamar shayin da aka zuba wa madara, shi ake nema. Fari fat mai ƙyalli ko ɗigo-ɗigon toka na nuna ƙarancin mai. Baƙi busasshe yawan mai ne. Baƙi mai maiƙo kuwa baƙin mai ne ke haurowa, matsalar ringi ce ko robar bawul, ba ruwan kafireto. Sabon filogi ba ya saurin ɗaukar launi da fetur marar dalma, don haka kada ka yanke hukunci da filogi shi kaɗai, ka haɗa da abin da ka ji a hanya.

Allura

Yawancin zirga-zirgar cikin gari a kan allura ake yin ta, don haka ita ce ke yanke shan mai. Kwance murfin saman kafireto, zaro fistin ɗin da wayar totur ke ja, ka fitar da allurar. Yawanci layi biyar ne a kanta. Ka sauke kilif ƙasa, allura ta ɗaga, mai ya ƙaru. Ka ɗaga kilif sama, allura ta nutse, mai ya ragu. Layi ɗaya ake matsawa, a gwada a rabin totur, a dawo. Shimfiɗa tsumma a ƙasa, kilif ɗin nan in ya yi tsalle cikin yashi sai dai a sayi wani.

Wasu allurai ba su da layi. Su ana sa musu siririyar washa mai kaurin rabin milimita a ƙarƙashin kai. Kafireto mai robar tsotso a sama, irin ta Pulsar da yawa, ba ta shiri da ƙaramar filtar waje, domin da tsotson iska fistin ɗinta ke ɗagawa. A ganina, mai irin wannan ya bar akwatin kamfani a wurinsa.

Sukurun haɗi da sulo

Duba inda sukurun yake. In yana ɓangaren filta, na iska ne, fito da shi yana rage mai. In yana ɓangaren injin, na mai ne, fito da shi yana ƙara mai. Injin na da zafi, ɗan ɗaga sulo, ka riƙa juya sukurun rubu'in zagaye kana jira 'yan daƙiƙu, har ka sami inda injin ya fi sauri da santsi. Yawanci tsakanin zagaye ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi ake samunsa. In na mai ne ya wuce zagaye uku, ko na iska ne ya gaza zagaye ɗaya, ƙaramin jet na bukatar ƙarin mataki. Sannan ka sauke sulo da nasa sukurun, wajen juyi 1,400 a minti ga irin CG125.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, masu babur da dama ke cewa bakanike ya matse musu kafireto don rage shan mai. Matse sukuru ɗan abin da yake ragewa kaɗan ne, don ƙasan totur kawai yake taɓawa. Nutsar da allura da rage babban jet a kan babur mai buɗaɗɗiyar filta kuwa, kuɗin fetur ɗin da aka tara a fistin da bawul yake ƙarewa. In kana son sanin gaskiyar shan man, cika tanki, rubuta kilomita, yi tafiyarka ta yau da kullum, sake cikawa, ka raba kilomita da lita.

Saitin da aka yi ba ya zama daidai duk shekara. Iskar sanyin hunturu ta fi nauyi, don haka babur ɗin da aka saita a zafin Afrilu zai ɗan nemi ƙarin mai da asubahin Janairu. Tudu kuma akasin haka yake. Jos tana sama da teku da kusan mita 1,200, Kano ba ta kai 500 ba, saboda haka babur ɗin da aka saita a Jos zai ji ƙarancin mai in ya sauko, na Kano kuma zai ɗan yi tari a can sama. Sau da yawa rubu'in zagaye na sukuru ko layi ɗaya na allura ya wadatar. Buɗaɗɗiyar filtar soso kuwa, a lokacin ƙura sai an riƙa wanke ta ana shafa mata mai a kai a kai. In ta toshe mai zai yi yawa, in ta bushe ƙura za ta wuce ta cinye ringi.