Cutar rawaya ta shinkafa da alamar da ke cikin ganye

Duk wanda ya bi bakin kogin Isa, daga Tillaberi zuwa Gaya, ya ga gonakin shinkafa. A gandayen da ake ban ruwa da inji, sau biyu ake noma a shekara, da damina da kuma rani. Amma akwai wata cuta da ke hana manoman wurin barci. Sati biyu ko uku bayan dashe, sai ganye ya yi dabbare-dabbare, kore da rawaya. Shukar ta tsugune, ba ta girma. In ta fid da kai, zangarniyar ba ta fitowa duka, kuma yawancin ƙwayoyin ba komi a cikinsu. Idan cutar ta kama gona da wuri, mai ita yana iya tashi hannu wofi.

Abin da ke kawo ta wata ƙwayar cuta ce ƙanƙanuwa ƙwarai, irin wadda ake kira birus. A ƙasar Kenya aka fara gane ta, a shekarar 1966, kusa da tafkin Biktoriya. Ƙananan ƙwari masu cin ganye da fara suna ɗaukar ta daga shuka zuwa shuka. Hannun mai dashe ma yana yaɗa ta, haka shanu da jakuna in sun shiga gona. Ba ta da maganin feshi. Shukar da ta kamu ta kamu ke nan. Dabara mafi kyau ita ce a shuka irin da cutar ba ta iyawa da shi.

To, akwai irin wannan iri? Akwai. Masu bincike sun gwada iri masu yawa, suka tarar da wani mai suna Gigante, wanda cutar ba ta kayar da shi. Sun sami wasu kuma cikin shinkafarmu ta Afirka, wadda kakanni suka fara nomawa a fadamun ƙasar Mali shekara wajen 3000 da suka wuce. Sai dai waɗannan iri ba su ba da amfani kamar wanda manoma suka saba shukawa. Saboda haka sai a yi musu aure: a ɗauki garin furen wannan a zuba a furen wancan, don ƴaƴan su gaji ƙarfin ɗaya da albarkar ɗaya.

A nan wuyar take, ku saurara da kyau.

Cikin jikin kowace shuka akwai wani zare siriri da ake kira ADN. A kansa aka jera ƙwayoyin gado, waɗanda ke faɗin tsawon shuka da launinta da ƙarfinta. Kowace ƙwayar gado biyu-biyu take: ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. A shekarar 2006, masu bincike na Mompeliye, a ƙasar Faransa, suka bayyana ƙwayar da ke kare Gigante. Sunanta RYMV1. Tana da wani hali: ba ta aiki sai shuka ta gaje ta ta wajen uwa da ta wajen uba duka. Shukar da ta gaji guda ɗaya tak tana kamuwa da cuta, daidai da wadda ba ta gaji komi ba. Ga dukiya a ɓoye cikinta, amma ido ba ya gani.

A dā, in ana so a gwada shuka, sai a daka ganye mai cuta, a shafa mata ruwan, a jira makonni. Wadda ta yi rawaya a tuge ta. Kun ga ta haka ana iya zubar da mai ɗauke da gadon ba a sani ba. Don a gane ta, tilas a bar ta ta yi ƴaƴa, a shuka su, a sake gwadawa. Watanni huɗu ko biyar sun tafi ke nan.

Yanzu alama ake dubawa. Kun san yadda makiyayi ke gane raƙuminsa cikin garke da shaidar da ke jikinsa. Haka nan a kan zaren ADN, cikin ƙwayar gadon ko dab da ita, akwai wurin da na Gigante ya bambanta da na sauran iri. Wannan wuri shi ne alama. Inda ta tafi, can gadon ya tafi.

Ga yadda ake yi. Tun shuka tana ƴar ƙarama, a yanki ɗan guntun ganyenta, a niƙa, a fid da ADN. A sa shi cikin wani inji mai yawaita wurin alamar har sau miliyoyi. Sannan a ɗiga shi a kan wani abu mai kama da daskararren koko, a sakar masa lantarki. Gajerun guntaye suna tafiya nesa, dogaye suna tsayawa kusa. In an haska fitila ta musamman, sai a ga layuka. Daga layukan nan ake karanta ko shuka ta gaji biyu, ko ɗaya, ko ba ta gaji ba. Cikin ƴan kwanaki an gama, shukar kuwa tana nan da ranta. Ku lura: ba a ƙara mata komi ba, dubawa kawai aka yi.

Daga nan sai a riƙa mayar da mai ɗauke da gadon ga irin da manoma ke so, aure bayan aure. Kowane karo, wajen rabin ƴaƴan ne ke ɗauke da shi, alama ce ke nuna su. Daga ƙarshe a bar shukar ta auri kanta. Cikin ƴaƴa 100, wajen 25 za su gaji biyu. Su ake nema. Cibiyar shinkafa ta Afirka, wadda aka kafa a 1971 da sunan ADRAO, yau ake kiranta AfricaRice, ta yi wannan aiki tare da cibiyoyin ƙasashe.

Cutar ma ba ta zauna ba. Birus yana sake kama, kuma an ga wasu da suka karya ƙarfin Gigante. Shi ya sa aka ci gaba da nema, har aka samo RYMV2 da RYMV3, duka biyu cikin shinkafar Afirka. Da alama ana iya tara su cikin iri guda, kamar ƙofa mai kuba biyu. Bayan haka tilas a kai sabon irin gona, manoma su noma, mata su dafa, a ji ko ya yi.

Tambayoyi

1. Ta waɗanne hanyoyi cutar rawaya ke shiga gona?
2. Don me ido ba ya gane shukar da ta gaji ƙwaya guda ɗaya?
3. Idan shukar da ta auri kanta ta ba da ƴaƴa 360, wajen nawa za su gaji biyu?

Aiki: ku tambayi wani tsohon manomi yadda yake zaɓen irin hatsin da zai ajiye don baɗi. Ku rubuta abin da ya faɗa, ku kawo aji.