Mudu Ko Buhu? Darasi A Kan Rabon Ma'ajiyar Kwamfuta

'Yan'uwa ɗalibai, kowace kwamfuta tana da ma'ajiya inda takan aje aikin da ke hannunta. Mai rabon ma'ajiyar nan shi ne kanel, watau zuciyar tsarin da ke tafiyar da na'urar. Za mu yi misali da Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finlan cikin 1991.

Kanel yakan yanka ma'ajiya gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa sunanta shafi. A yawancin kwamfutoci ƙaramin shafi kilobait 4 ne, babba kuwa megabait 2, ƙanana 512 ke nan a haɗe.

Ku dubi masu sayen masara a kasuwar Kontagora. Mai awo da mudu lissafinsa da yawa, mai saye da buhu kuwa nan da nan ya gama. Haka kwamfuta take, gama tana da ɗan allo ƙarami inda take tuna mazaunin shafuna. Gigabait 1 ƙananan shafuna 262,144 ne, amma manya 512 kaɗai. Saboda haka manya sun fi saurin nema. Amma fa wanda mudu uku ya ishe shi, in aka ɗora masa buhu, sauran asara ne.

Cikin 2011 Linux ya sami dabarar ba da manyan shafuna da kansa. Saitinta uku ne. Na fari always, a ba kowa. Na biyu madvise, a ba wanda ya roƙa kaɗai. Na uku never, a hana kowa. In mai na'ura bai taɓa kome ba, zaɓin waɗanda suka harhaɗa tsarin ne ke aiki. Red Hat ta fid da tsarinta na 7 cikin 2014 a kan always, Ubuntu kuwa tana kan madvise. Masu manhajar Redis sun gargaɗi mutane game da always, domin a wancan lokaci gyaran abu kaɗan yakan sa a kwafe shafin megabait 2 ɗungum, aiki ya yi nawa.

To, lalle saitin asali zaɓin wani ne wanda bai san aikinka ba. Ka duba wanne ke kan na'urarka, ka auna saurinta, ka sāke saitin, sa'an nan ka sāke aunawa kafin ka tsai da shawara.

Aikin gida: ƙananan shafuna nawa ne cikin megabait 10?