Kafin Ka Biya Kuɗin Faiba a Jibiya, Tambayi Mutum Nawa Ne a Kan Zaren

Tambaya: Ni ejan ne mai fitar da kaya a Magama, kan iyakar Jibiya. Wani kamfani zai ja mana faiba zuwa jerin ofisoshinmu, ya ce kowa zai samu megabit 100. Wani kuma ya ce nasa layin nawa ne ni kaɗai, amma kuɗin ya ninka. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Alhaji, megabit ɗin da aka rubuta a takarda ba shi ne abin dubawa na farko ba. Tambayi mutum nawa za a ɗora wa zaren, da yadda za a raba muku shi.

Tayin farko kusan tabbas tsarin GPON ne. Zare ɗaya ke fitowa daga na'urar kamfani, a tsaga haskensa gida 32 ko 64. Wajen saukewa yana ɗaukar megabit 2,488 a daƙiƙa, wajen turawa 1,244. Turawar nan bi da bi ake yin ta, kamar lodi a tashar motar Maraɗi: kowa da lokacinsa, ba mai shiga sai na gabansa ya tashi. Sunan dabarar TDMA. Na'urar kamfani ce ke raba lokacin, tana ƙara wa mai kaya da yawa, ta rage wa wanda ke zaune. Shi ya sa da asuba za ka ga abu kamar walƙiya. To amma raba 1,244 gida 64, ka ga ba a kai megabit 20 ba idan kowa ya taso lokaci guda. Ku kuwa aikinku turawa ne, hotunan takardun kaya zuwa shafin Kwastan, kuma duk a sa'o'i ɗaya kuke yi.

Na biyun ko dai zare ne naka, ko launin haske naka a cikin zaren, wato WDM. Ba jiran layi, sai dai na'urorin da tsada. Akwai dabara ta uku, OCDMA, inda kowa ke tura haske da lambar sirrinsa lokaci ɗaya. Tana da daɗin ji a takardun jami'a, amma jama'a na ƙaruwa lambobin na shiga juna. Ba za a kawo maka ita Jibiya ba, kar ka ɓata lokaci.

Ga abin da masu talla ba sa faɗa. GPON da ƙyar yake wuce kilomita 20, Katsina kuwa ta fi kilomita 40 daga Jibiya. Ke nan dole babbar na'urar ta zauna kusa da ku. Ina aka ajiye ta? Sola ce ke riƙe da ita ko janareta? In ta mutu, ku duka kun mutu.

Ranar haɗawa kar ka bar mai gyara ya tafi sai ya jona mitarsa ta auna ƙarfin haske a bakin zaren, ka ga lambar da idonka. Tsagawa gida 32 kaɗai tana cin kusan desibel 17 cikin 28 da aka saba warewa, sauran na tafiya a nisa da mahaɗai. In mitar ta nuna -20 ko -22, lafiya lau. In ta kusa -27, kana bakin gaɓa. Ƙurar hunturu kaɗan a kan mahaɗi, ko lanƙwasa a bayan kabad, ta isa ta yanke ka. A sa ya rubuta lambar a rasit.

Sannan ka nemi gwajin mako guda. Auna turawa da jinkiri da hantsi ranar kasuwa, da kebul ba Wi-Fi ba, wata ranar ka sake.

Ra'ayina, ofis mai kwamfuta uku ko huɗu ba ya bukatar layin kansa. Ɗauki na haɗaka, muddin an rubuta cewa ba za a wuce mutum 32 ba, an kuma rubuta mafi ƙarancin turawar da za a ba ka. In suna da XGS-PON, mai gigabit 10 hawa da sauka, ya fi. Rarar kuɗin ka sayi batiri da layin waya na ko-ta-kwana, don masu haƙar kwalbati ba sa tambayar wane irin tsari ne a cikin kebul.